Labarun Tsoro Da Na Bincike Da Turawa Ke Karantawa Da Kaka

Kakar Ingila, watau daga watan Satumba zuwa na Nuwamba, ba irin tamu ba ce. Mu a nan, tsakanin yini mafi tsawo da mafi gajarta a shekara, bambancin bai kai awa biyu ba. Amma a birnin Landan yinin ƙarshen watan Yuni ya kan zarce awa 16, sa'an nan ya yi ta raguwa, har ya zamana a ƙarshen Disamba bai cika awa 8 ba. Kafin Oktoba ya ƙare, ma'aikaci ya kan tashi daga ofis ya tarad da duhu ya riga shi ƙofa. Ganyayen itatuwa su yi ja su kakkaɓe, hazo ya rufe gari, sanyi ya kora kowa cikin ɗaki.

Mutumin da dare ya yi wa tsawo kuwa, hira ya ke nema. Kamar yadda a kan tara yara a ƙasarmu bayan girbi a yi ta tatsuniyar Gizo da Dodo a farin wata, haka su ma Turawa tun zamanin da su kan kewaye murhu suna ba juna labarun fatalwa, musamman a daren 31 ga Oktoba da su ke kira Halowin, da kuma jajibirin Kirsimeti. A cikin ƙarni na 19 sai hirar ta tashi daga bakin murhu ta koma takarda. Dokar ilmi ta 1870 ta yawaita makarantun elementare a Ingila, masu iya karatu suka ƙaru, ga kuma dubban akawuna da ke shiga jirgin ƙasa safe da yamma, kowa yana son labarin da zai gama kafin ya sauka. Don irinsu aka kafa mujallar Strand cikin Janairu 1891, ana sayar da ita sisi.

Abin da ya sa muka ga ya dace mu kawo wa malaman makaranta da akawuna bayanin waɗannan labaru shi ne, da yawa daga cikinsu a kan irinsu aka rubuta su, waɗansu ma irinsu ne suka rubuta. Charles Dickens da aikin akawun lauya ya fara yana ɗan shekara 15. W. W. Jacobs ya yi shekara 20 yana akawu a bankin ajiya na gidan waya. M. R. James malamin jami'a ne. Kuma wanda ya karanta su da natsuwa zai ga tambaya guda ce ke yawo a cikinsu: mutumin da ya yi karatu, in ya yi karo da abin da bai gane ba, yaya zai yi? Wani ya kan gaskata kome, wani ya ƙaryata kome, wani kuwa ya tsaya ya duba.

Malamin da kabewa ta kora

Mu fara da mai gaskata kome. Washington Irving, Ba'amurken da aka haifa a Niyok cikin 1783, ya fitar da "The Legend of Sleepy Hollow" cikin 1820. Labarin wani ƙauye ne na zuriyar mutanen Holan a kusa da kogin Hudson, da malamin makarantarsu, Ichabod Crane, dogo siriri, mai ci kamar gara. Albashinsa bai isa ya ciyad da shi ba, sabo da haka ya kan yi mako guda a gidan uban wannan yaro, mako na gaba a gidan uban wancan. Mutanen ƙauye suna ganinsa babban masani. Amma littafin da ya fi so shi ne na tarihin mayu, kuma duk abin da ke ciki ya haɗiye shi.

Ichabod ya sa ido ga Katrina, 'yar wani manomi mai arziki, ko da ya ke in an bi ta gaskiya gonakin uban da dabbobinsa ne suka fi shiga ransa. Yana da abokin takara, wani ƙaƙƙarfan saurayi gwanin doki, mai son tsokana, ana ce da shi Brom Bones. Ran nan da kaka aka yi biki a gidan uban yarinya. Da aka ci aka yi rawa, sai dattawa suka shiga hirar fatalwa, musamman ta wani sojan haya Bajamushe wanda harsashin igwa ya fille wa kai a yaƙin neman 'yancin Amurka, wai ya kan fito da dare bisa doki yana neman kansa.

Da tsakar dare malam ya kama hanyar gida bisa wani tsohon dokin aro. Yana cikin tafiya sai ga mahayi biye da shi, ba kai a kafaɗa, kan yana ajiye gaban sirdi. Aka zuba sukuwa har wata gada kusa da coci. Malam ya ƙetare, ya waiwaya, sai ya ga an jefo masa kan. Da gari ya waye aka sami dokin yana kiwo a ƙofar mai shi, aka tsinci hular malam a bakin rafi, kusa da ita ga fasasshiyar kabewa. Ba a sake ganinsa a ƙauyen ba. Brom ya auri Katrina, kuma duk sa'ad da aka ambaci kabewar sai ya tuntsire da dariya. Irving bai ce ga wanda ya yi wannan aiki ba, amma mai karatu ba ya bukatar a gaya masa. Abokin takarar malam ya san abin da malam ke tsoro, da shi kuwa ya kore shi daga gari.

Shehun malami da usur

Kishiyar Ichabod yana cikin littafin M. R. James, wanda ya rayu daga 1862 zuwa 1936. Shi James ya shugabanci Kwalejin King's ta Jami'ar Kambirij daga 1905 zuwa 1918, kuma aikinsa na ainihi shi ne bin tsofaffin littattafai na rubutun hannu yana jera su yana rubuta bayaninsu. Labarun fatalwa don nishaɗi ya ke rubuta su, ya karanta wa abokansa a ɗakinsa da daren Kirsimeti a hasken kyandir. Cikin 1904 aka tara guda 8 aka buga da sunan "Ghost Stories of an Antiquary".

A ciki akwai labarin usur. Wani Farfesa Parkins, matashi mai tsari, ba ya son ko a ambaci fatalwa a gabansa, don a ganinsa zancen marasa ilmi ne. Ya tafi hutu wani gari a bakin teku, bai sami masauki ba sai ɗaki mai gado biyu. Yana tone-tone a wani tsohon kango sai ya tsinci wani ɗan bututun tagulla. Da dare ya goge shi, ya ga ashe usur ne, har da rubutu a jikinsa, ya tsaya bakin taga ya busa sau biyu. Nan da nan iska ta taso. Kashegari mai gyaran ɗaki ta tambaye shi a wane gado za ta ƙara masa bargo, tun da ya ke duka biyun akwai alamar an kwana a kai. Da yamma kuma wani yaro ya zo a guje yana makyarkyata, ya ce ya ga wani farin abu yana ɗaga masa hannu daga tagar ɗakin. Duk wannan Parkins ya sama masa dalili ya wuce. Sai da dare ya raba, cikin hasken wata, ya ga abu ya tashi zaune a gadon da ba kowa.

Wani tsohon kanar na soja da ke masaukin shi ya banko ƙofa ya cece shi, aka tarad da tarin zannuwan gado a ƙasa. Aka jefa usur cikin teku. Tun daga ranar, Parkins ko riga ya gani rataye a ƙofa sai gabansa ya faɗi. Hausawa sun ce in ka ji ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Abin lura shi ne, Ichabod da Parkins ciwonsu ɗaya ne: kowannensu ya yanke hukunci tun bai duba ba.

Hannun biri

"The Monkey's Paw", watau hannun biri, na W. W. Jacobs ne, ya fito cikin 1902. Wani dattijo mai suna White yana zaune da matarsa da ɗansu Herbert. Ran nan da dare, ana ruwa da iska, sai ga wani tsohon abokinsa, samanja da ya yi shekara 21 a Indiya. Ya nuna musu busasshen hannun biri, ya ce wani mai tsafi ya yi masa asiri, mutum uku kowanne zai roƙi abu uku ya samu, don a nuna wa mutane abin da ke samun mai ja da ƙaddara. Samanja ya jefa shi wuta, maigida ya fizgo shi. Cikin raha ya roƙi fam 200, daidai bashin da ya rage a kan gidansu.

Kashegari da rana wani baƙo ya zo daga ma'aikatar da Herbert ke aiki. Ya ce inji ya kama yaron, ya mutu. Kamfani bai ɗauki laifi ba, amma zai ba da 'yar diyya, fam 200. Bayan kamar kwana goma, uwar ta farka cikin dare ta tuna saura roƙo biyu, ta matsa wa mijin sai ya roƙi ɗansu ya dawo. Shi kuwa uban ya ga gawar, ya san halin da inji ya bar ta. Ya roƙa. Maƙabarta tana nesa da su mil biyu. Can dare ya yi nisa, sai aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Sauran mun bar wa mai karatu. Gwanintar Jacobs ita ce bai nuna wa kowa dodo ba. Duk abin da ya faru, mai so ya ce asiri ne, mai so ya ce dacewa ce kurum. Tsoron da ke cikin labarin mai karatu ne da kansa ke ƙera shi.

Mai tsaron sigina

Ran 9 ga Yuni 1865 Dickens yana cikin jirgin ƙasa da ya yi haɗari a Staplehurst, a kudancin Ingila. Ana gyaran wata gada, an cire ƙarafan dogo, shugaban leburori kuwa ya karanta takardar lokatan jirage ba daidai ba, yana zaton da sauran lokaci. Mutum 10 suka mutu. Dickens ya fita lafiya, ya taimaki waɗanda suka yi rauni, amma firgitar ba ta sake shi ba har ya mutu, ran 9 ga Yuni 1870, shekara biyar cif bayan haɗarin. Cikin 1866 ya rubuta "The Signal-Man".

Labarin wani ma'aikacin jirgin ƙasa ne da ke tsaron sigina shi kaɗai a wani kwazazzabo mai zurfi, kusa da bakin ramin da aka huda don jirgi ya wuce. Mutum ne mai kula da aikinsa ƙwarai. Ya gaya wa wani baƙo cewa ya taɓa ganin siffar mutum tsaye wurin jar fitila, ya rufe fuskarsa da hannu ɗaya yana kaɗa ɗayan. Bayan awa 6 aka yi mummunan haɗari a layin. Ya sake ganin siffar, ran nan wata yarinya ta mutu cikin jirgin da ke wucewa. Yanzu ga shi mako guda ke nan siffar tana dawowa.

Abin da ke cin ransa ya wuce tsoro. Ya tabbata wani bala'i na tafe, amma bai san inda zai faɗa ba, bai san yaushe ba. In ya buga waya ya ce akwai haɗari, za a tambaye shi wane iri, a ina, ba shi da amsa, sai a ce ya taɓu a sallame shi. In ya yi shiru kuma rayuka ne a hannunsa. Duk ƙaramin ma'aikacin da ya taɓa jin a jikinsa wani abu bai yi daidai ba, alhali ba shi da shaidar da zai rubuta wa na gaba da shi, zai gane halin da mutumin nan ke ciki. Ƙarshen labarin gajere ne, kuma ba ya mantuwa.

Daga tsoro zuwa bincike

Edgar Allan Poe, Ba'amurke, an haife shi cikin 1809 ya mutu cikin 1849, shi ne ya riƙe igiyar nan biyu a hannu ɗaya. Cikin 1843 ya fitar da "The Tell-Tale Heart", labarin da bai kai kalmomi 2,500 ba. Mai ba da labarin yana ta rantsuwa lafiyarsa ƙalau, alhali yana bayyana yadda ya kashe wani tsoho da su ke gida ɗaya, ba don kuɗi ba, ba don faɗa ba, sai don tsohon yana da wani ido mai yana, irin na ungulu. Dare bakwai yana leƙensa, a na takwas ya kashe shi, ya ɓoye gawar ƙarƙashin katakon daɓen ɗaki. 'Yan sanda uku suka zo, ya karɓe su da fara'a, har ya ɗora kujerarsa daidai kan wurin. Suna hira sai ya fara jin bugun zuciya daga ƙasa. Su ba su ji kome ba. Ƙarar ta yi ta ƙaruwa a kunnensa har ya kasa daurewa, ya tona kansa. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Shi dai wannan Poe shi ne cikin 1841 ya rubuta "The Murders in the Rue Morgue", wanda galibin masana ke lissafawa a matsayin labarin bincike na farko irin na zamani. A nan ya fito da Dupin, wani Bafaranshe mai warware abin da ya gagari 'yan sanda da tunani kawai. Amma wanda akawu zai fi jin daɗinsa shi ne "The Purloined Letter" na 1844. Wani minista ya sace wata wasiƙa mai haɗari daga wata babbar mace a fadar Faransa. 'Yan sanda suka yi wata uku suna shiga gidansa a ɓoye, suna kwance kujeru, suna soka dogayen allurai cikin matasan kai, suna duba littattafai shafi shafi. Ba su samu ba. Dupin ya kai ziyara sau ɗaya ya gan ta. Ministan ya juya bayanta, ya sake mata adireshi, ya ɓata ta da datti, ya soke ta cikin 'yar ma'ajiyar kwali da ke rataye a fili inda kowa ke gani. 'Yan sanda sun nemi wurin da su za su ɓoye abu, Dupin kuwa ya tambayi kansa inda mai wayo irin ministan zai ɓoye.

Sherlock Holmes da mai jan gashi

Arthur Conan Doyle likita ne, haifaffen Edinbara cikin 1859. Yana ɗalibi ya yi wa wani malaminsa, Likita Joseph Bell, aikin akawu a asibiti, yana rubuta bayanin marasa lafiya kafin su shiga. Bell ya kan dubi hannun mutum da takalminsa da tafiyarsa ya faɗi sana'arsa da inda ya fito tun bai buɗe baki ba. Daga wannan malami Doyle ya ɗauko halin Sherlock Holmes, wanda ya rubuta gajerun labaru 56 da dogaye 4 a kansa.

"The Red-Headed League", na 1891, da kaka ya faru. Wani mai kantin jingina, Jabez Wilson, mai jan gashi, yana da yaron kanti da ya yarda ya yi aiki a rabin albashi. Yaron ya nuna masa talla a jarida, wai wata ƙungiya ta masu jan gashi tana neman mutum guda. Wilson ya je, aka zaɓe shi cikin taro mai yawa. Aikin shi ne ya zauna a wani ofis daga ƙarfe 10 zuwa ƙarfe 2 kullum yana kwafe kundin ilmin nan na Britannica da hannu, a biya shi fam 4 a mako, da sharaɗin kada ya fita ko nan da can. Mako 8 yana yi, ya kusa gama harafin A, sai ran nan ya tarad da ƙofa a kulle da takarda a manne, wai ƙungiya ta watse.

Holmes ya yi 'yan tambayoyi, ya ji yaron kantin ya cika son sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa, wai wankin hoto. Ya je unguwar, ya bubbuga ƙasa da sandarsa a gaban kanti, ya ƙwanƙwasa ƙofa ya tambayi hanya, don kurum ya ga gwiwoyin wandon yaron. Ya gan su sun goge, sun yi ƙasa. Ya zaga bayan gidan, sai ga banki. A daren nan aka kama ɓarayi suna fitowa daga ramin da suka haƙa har cikin taskar bankin. Fam 32 da aka biya Wilson kuɗin fitar da shi daga kantinsa ne awa huɗu kowace rana. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Da ya tambayi kansa me ya sa yaro mai hazaƙa zai karɓi rabin albashi, me kuma ya sa za a biya shi kuɗi mai yawa kan aikin da ba ya amfanin kowa, da bai bukaci Holmes ba.

Wanda ya fi kusa da labarin fatalwa shi ne "The Speckled Band" na 1892, wanda Doyle da kansa cikin 1927 ya sa a kan gaba cikin labaran Holmes da ya fi so. Wata budurwa ta zo da sassafe tana rawar jiki. 'Yar'uwarta ta mutu shekara biyu da suka wuce a ɗakin da ta kulle da kanta, ana saura mako biyu aurenta, bayan ta yi ta jin fito cikin dare. Yanzu ita ma an sa ranar aurenta, mijin uwarsu ya mai da ita wannan ɗaki, ga shi ta fara jin fiton. Holmes ya duba ɗakin ya ga abu uku: igiyar ƙararrawa da ba ta haɗe da ƙararrawa ba, kafar iska da ta buɗe cikin ɗakin maƙwabci maimakon waje, da gado da aka kafe a ƙasa ba ya motsuwa. Amsar tana cikin waɗannan uku, ba kuwa za mu faɗe ta a nan ba.

Waɗanda ba a gani

G. K. Chesterton, cikin 1911, ya kawo wani ɗan ƙaramin limamin coci, Fada Brown, a labarin "The Invisible Man". An sa mutum huɗu su sa ido ga ƙofar wani gida, har da ɗan sanda da mai gadi. Aka kashe mai gidan, aka fita da gawarsa, duk huɗun suka rantse ba wanda ya shiga ko ya fita, ga kuwa sawun ƙafa a kan dusar ƙanƙara. Fada Brown ya gane ba ƙarya su ke yi ba. Mai rarraba wasiƙu ne ya shiga da babbar jakarsa ya fita, su kuwa da aka ce su lura da baƙo, ba su ƙidaya shi cikin mutane ba. Ido wa ka raina? Wanda na ke gani kullum. A kowane ofis akwai masinja da mai shara da ke shiga ko'ina, suna jin kome, ba mai tuna suna wurin.

Agatha Christie kuma, wadda ta rayu daga 1890 zuwa 1976, ta juyo da abin ta wani gefen a littafinta "The Thirteen Problems" na 1932. Waɗansu masu ilmi, har da lauya da limamin coci da tsohon shugaban 'yan sandan Landan, su kan taru da dare, kowa ya kawo wani al'amari mai wuyar ganewa, sauran su gwada warwarewa. Mai gidan, wata tsohuwa Miss Marple, tana gefe tana saƙa, da kyar ma aka sa ta cikin lissafi. Kowane dare ita ke faɗin amsa, domin kowane mai laifi ya kan tuna mata da wani da ta sani a ƙauyensu.

Gwani ma ya kan ruɗu

Kada mai karatu ya zaci wanda ya iya rubuta labarin lura ya fi ƙarfin ruɗi. Shi Conan Doyle, a ƙarshen rayuwarsa, ya duƙufa ga bin masu cewa suna magana da matattu. Cikin 1917 waɗansu 'yan mata biyu a ƙauyen Cottingley suka ɗauki hotuna, wai ga su tare da ƙananan aljanu masu fikafikai. Doyle ya gaskata, har ya buga hotunan a mujallar Strand cikin Disamba 1920, mujallar da Holmes ya yi suna a cikinta. Sai cikin 1983, bayan 'yan matan sun tsufa, shi kuwa ya shekara 53 da mutuwa, suka amsa cewa aljanun nan zane ne a kan kwali da suka yanka suka kafe da allurar hula. Mutumin da ya koya wa duniya duban gwiwar wando bai duba ba, don ransa yana son abin ya zama gaskiya.

Yadda za a karanta su

Ban da na Christie, duk labarun da muka ambata sun tsufa har haƙƙin mallakarsu ya faɗi, ana samunsu kyauta a intanet, a ma'ajiyar littattafai ta Project Gutenberg. Kamfanonin buga littattafai irin su Oxford da Longman kuma sun fitar da waɗansunsu cikin sauƙaƙƙen Turanci don 'yan makaranta. Wanda Turancinsa bai yi ƙarfi ba ya fara da Jacobs da Doyle, don maganarsu a miƙe ta ke. Na Irving da na James suna da dogayen jimloli da tsofaffin kalmomi, sai da ƙamus a kusa. Na Poe kuwa da hannun biri ba na ƙananan yara ba ne, balle a makarantar kwana da dare.

Malamin da ke son ya ga amfaninsu a aji, ya karanta labarin bincike da ƙarfi, ya tsaya kafin warwara. Ya sa yara su rubuta abu uku: me aka gani da ido, me aka ji daga bakin wani, me kuma aka zata kurum. Sa'an nan kowa ya faɗi amsarsa da dalilinsa kafin a buɗe shafin ƙarshe. Yaron da ya saba rarrabe waɗannan uku zai yi wuyar ruɗuwa da jita-jita, ko da takardar da ta yi masa alkawarin kuɗi a banza. Akawu ma haka, don rabin aikin ofis shi ne sanin bambancin abin da ke rubuce cikin fayil da abin da aka ce yana ciki.

To, jama'a, tun da ya ke kaka lokacin hira ce a ko'ina, wanda ya sami labarin igiyar ƙararrawar nan ya karanta shi zuwa inda Holmes ya gama duba ɗaki, ya rufe littafi, ya kai wa abokan aikinsa alamun nan uku a wurin hira, a ga wanda zai riga gano abin da ke yin fito cikin dare.